Curin da Kaka Ta Bari a Hannuna

Wanda ya ba mu aron Kaka ya aiko an karɓi abinsa da rana tsaka, ina zaune kusa da ita, gwiwata na taɓa tata. Uwar Babana ce, kuma ita ta raine ni tun ina rarrafe. Har yau hannuna bai daina rawa ba, amma gara in rubuta yanzu tun muryarta na kunnena, kada shekaru su zo su shafe mini ita.

Na sha zuwa gidan makoki, amma ban taɓa ganin irin namu ba. Mata suka riƙa shigowa gidanmu na Sabon Tasha da kuka tun daga bakin ƙofa. Sai su zauna, wannan ta dubi kunnen waccan, waccan ta dubi wuyan wannan, sai ka ji kukan ya fara sirkuwa da dariya. Kowace ta sako abin da Kaka ta yi mata. Ba wanda ya ce a yi haka. Matan zumunta na cocinmu, masu sayar da doya a bakin titi, malaman makaranta, har da wata nas da ta zo da kayan aikinta, kowa da 'yan kunne ko sarƙar curin ulu, ja da shuɗi da rawaya, tsakar gida ta koma kamar an zazzage kwandon tattasai da lemo.

Matar Fasto ta share ido da bakin zane ta ce, "Ni fa ce mini ta yi wuyana gajere ne, kada in kuskura in sa mai layi biyu, zan koma kamar tulu."

Wata tsohuwa daga Gonin Gora ta ce, "Ke kin samu da sauƙi, Mama. Ni cewa ta yi kunnuwana faifai ne, ƙananan 'yan kunne ɓata za su yi a ciki. Dubi abin da ta rataya mini." Ta girgiza kai, manyan curi biyu kamar ƙwan zabo suka yi lilo, duk wurin ya kwashe da dariya.

Can sai ga Malam mai gwanjo daga kasuwar Kakuri, da farin gemunsa da buhu a kafaɗa. Ya cire takalmi, ya zauna kusa da Babana a kan benci.

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji shi. "Tsohuwar nan ta yi shekara da shekaru tana ƙona mini kaya. Amma wallahi tun da labari ya iso ni ban iya kwance dila ba." Ya tura buhun gaban Baba. "Waɗannan na ware mata ne. Ku ba duk wanda ya gaji ashanar."

Baba ya juyo yana nemana da ido. Ni kuwa ina laɓe bayan duron ruwa, na cusa hannuwana tsakanin cinyoyina don kada a ga yadda suke karkarwa.

A wurinmu, idan tsoho ya ci shekarunsa ya ƙoshi sannan ya tafi, jikoki ba kuka ne aikinsu ba, wasa ne. 'Ya'yan Gwaggo, ƙanwar Babana, suka ɗauko tabarau ɗin Kaka da ɗankwalinta da sandarta. Babbar cikinsu ta ranƙwafa, ta riƙa bin 'yan makoki da ashana tana zare zare daga rigunansu tana shinshinawa, tana cewa da irin muryar Kaka, "Leda ce! Kai, ɗan nan, leda ka sa ka zo gaisuwar mutuwata?" Har Fasto sai da ya cire tabarau ya goge hawayen dariya. Jika ɗaya ce kawai ba ta shiga wasan ba, ni.

A nan bayan duro Yayata ta same ni. Bikinta ya matso, an riga an yi shela a coci. Ta durƙusa ta riƙe kafaɗata.

"Ba yau ba," ta ce a hankali. "Amma kin san curin tsakiyar sarƙata yana can a kan taga. Ke kaɗai Kaka ta koya wa gyaran wanda ya fashe."

Tagar da take nufi tana cikin ɗakin da Kaka ta cika, ni kuwa ko ƙofar ɗakin ba na iya kallo.

Bari in koma baya, don wanda bai san Kaka ba ya gane abin da ake roƙona.

Tana budurwa ta baro ƙauyenmu na kudancin jiha ta kama aiki a masaƙa a Kakuri, ɓangaren kaɗi. Tana yawan ba mu labarin yadda jiniya ke kaɗawa mutane su ɓarko titi kamar tururuwa, auduga a gashin kowa. Da aka rufe masaƙar, abokan aikinta wasu suka koma gida, wasu suka kama suyar ƙosai. Ita kuwa sana'arta ta zo mata ne ta hanyar ɓarna. Marigayi Kakana yana da wata rigar sanyi ta ulu da yake ji da ita, ba ya sa ta sai zuwa coci. Rannan Kaka ta jiƙa ta a tafasasshen ruwa, ta dirje ta da sabulu da zuciya ɗaya, don sun ɗan sami saɓani da safe. Da ta ɗago rigar, ta tsuke ta koma ta jariri, ta yi tauri kamar fatar ganga.

"Kakanku ya yi kwana da kwanaki ba ya cin tuwona," in ji ta. "Ni kuwa ko a jikina. Ina ta juya rigar nan ina cewa, ashe ulu yana kama kansa ba saƙa ba ɗinki? Shekaruna nawa a gaban inji ban sani ba!"

Ta fara gwadawa da gashin tumakinmu na gida. Ta bi wata tunkiyar maƙwabta da almakashi har bakin kwalbati. Gashin ya ƙi kamawa, gida ya yi mako yana warin garke. A nan ta gane tumakin ƙasarmu gashi gare su ba ulu ba, ta koma wa rigunan sanyi na gwanjo. Sai ta warware riga, ta yayyanka zaren, ta taje shi da burushin ƙarfe har ya koma laushi kamar audugar rimi, sannan ta rina. Ɗan ɗakin da ke bayan kicin ta gyara, ta sa baho da murhu da tebur, ta jera kwalaben duwatsun ado da waya da ƙugiyoyin 'yan kunne a kan kanta. Ta raɗa masa suna Kamfani.

"Nasu ya rufe," takan ce, "nawa sai dai a fitar da ni a kwance." Haka kuwa aka yi.

Wahalar sana'ar ita ce yawancin rigunan gwanjo ba ulu ba ne, roba ce aka kaɗa. Kaka ba ta karanta abin da aka rubuta a wuyan riga, ta ce takarda ba ta jin kunyar ƙarya. Ashana take sawa a jaka. Ta zari zare ɗaya daga gefen riga, ta ƙyasta, ta kai hanci. In ya yi ƙaurin babbakar akuya ya zama toka, ulu ne. In ya narke ya dunƙule baƙi ƙirin, sai ta wurgar ta ce leda ce. Ranar farko da ta yi wa Malam mai gwanjo haka ina biye da ita da kayan makaranta, na so ƙasa ta tsage in shige.

"Mama! Mama! Gobara za ki tayar mini?" ya yi tsalle ya riƙe hannunta.

"Sakar mini hannu, ni ba sa'arka ba ce. Ka ce ulu ne, na ce bari wuta ta yi mana shari'a."

"To in kowa ya zo ya zare mini zare ɗaiɗai, me zan sayar? Wuyan riga?"

"Kai dai kawo waccan koriyar."

Mutane suka taru. Koriyar ta yi ƙaurin akuya. Kaka ta ɗaga ta sama kamar ta ci kofi, kasuwa ta ɗau tafi. Daga ranar Malam ya koma shi ne ke ware mata kaya, in ya hango ta sai ya ce wa maƙwabtansa, "Ku ɓoye fetur, ga hukuma nan tafe."

Ni ta ɗauka a Kamfani bayan na gama sakandare, sakamako bai yi yadda ake so ba, ina zaune gida ina kukan zuci. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta leƙo ɗaki ta ce, "Farar Kura, zo ki riƙe mini baho." Farar Kura take kirana tun ina ƙarama, saboda tsorona ya yi yawa: ƙadangare, tsawa, allurar asibiti, har hoton da ido ke bin mutum.

Yadda ake curi kuwa, sai ki yago ulu ki naɗe shi a kan ƙwallon atili, wannan ɗan itacen da ake kawo mana daga gida, wanda ƙwallonsa ke da tsini biyu. Ta riga ta huda ƙwallon da basilla mai zafi don zare ya wuce. Ki tsoma a ruwan ɗumi mai sabulun salo, sannan ki riƙa juya shi tsakanin tafukanki.

"Kada ki matsa!" takan daka mini tsawa. "Ɗan tsako ne a hannunki, ba wuyan miji ba. In kin matsa tun yana ɗanye, fashewa zai yi. Ulu ba ƙarfi yake so ba, motsi yake so. Sai ya fara kama kansa sannan ki ƙara nauyi."

Ba agogo a Kamfani. Da waƙa take auna aiki, kuma waƙar a kan wadda za ta sa abin take ƙirƙiro ta nan take, ta tsokani tafiyarta ko rowarta ko yadda take barci a coci. Waƙa ta ƙare, curi ya nuna. Shi ya sa mata ke zuwa su zauna a bakin ƙofa wai jiran kayansu suke, alhali so suke su ji abin da za a rera a kansu. Wadda ba a zaga ba sai ta tafi tana fushi.

Shekarun baya-bayan nan hannun Kaka ya soma rawa. Ba ta iya zura zare a allura, ba ta iya lanƙwasa waya da filaya, duk ni nake yi. Na ɗauka za ta damu. Ina! Sai ta ɗaga hannuwan tana kallonsu suna kaɗawa ta ce, "Kin gani? Da ni nake wahalar girgiza ulu. Yanzu Ubangiji ya sa mini inji kyauta, ba ruwana da masu ɗauke wuta." Kuma gaskiya curinta na lokacin ya fi na da santsi.

Ba zan rubuta Kaka in bar Mama Binuwai ba, maƙwabciyarmu ta bayan katanga, 'yar ƙabilar Tibi mai sayar da doya, mai sirka Hausarta da Turancin buroka. Faɗansu ya faro tun ina ƙarama. Asalinsa ruwan rini ne. Kaka ta zubar da ruwan shunayya a kwata, kwatar ta bi ta gidan Mama Binuwai, fararen agwaginta suka yi wanka a ciki. Da safe sai ga Mama Binuwai a ƙofarmu da agwagwa a hammata, shunayya tun daga baki har wutsiya.

"Abeg, Mama, dubi! Dubi abin da kin yi! Wa zai sayi wannan? Za su ce na maita ne!"

Kaka ta gyara tabarau ta ƙare wa agwagwar kallo ta ce, "Rinin ya kama da kyau. Kawo sauran in yi musu kore, ki samu na Kirsimeti."

Damina guda ba su gaisa ba. A coci in ɗaya ta zauna dama, ɗaya sai hagu. Ana cikin haka ɗan Mama Binuwai, saurayi ɗaya tilo da take da shi, ya rasu a hatsarin mota a hanyar Abuja. Bayan an watse daga makoki, matar nan ta daina fita, ta daina cin abinci, tana zaune rungume da wata rigar sanyinsa mai ruwan toka. Kaka ba ta aika kowa ba. Ta ɗauki sanda ta zagaya, ta zauna kusa da ita. Can ta miƙa hannu ta zari zare ɗaya daga rigar, ta ƙyasta ashana.

"Ulu ne," ta ce. "Yaron nan ya san kaya. Ba ni aronta."

Ta warware hannun riga ɗaya kawai, ta mayar mata da sauran. Ta yi mata sarƙa mai ruwan toka da 'yan fararen duwatsu a tsakani. Wannan ne kaɗai aikin da na ga ta yi ba waƙa. Ta rataya mata a wuya ta ce, "Riga ba ta zuwa kasuwa, wannan kuwa za ta je. Tashi ki fitar da doyarki, ki tafi da ɗanki a wuya." Mama Binuwai ba ta ƙara cire sarƙar nan ba. Faɗa kuwa suka ci gaba da abinsu ta kan katanga, sai dai yanzu da kwanon miya a hannu.

Akwai al'adar da Kaka ta kafa a gidanmu da kanta. Duk 'yar da za ta yi aure, kowace mace ta dangi sai ta zo Kamfani ta murza mata curi ɗaya da hannunta, ko ta iya ko ba ta iya ba. Na Gwaggo kullum kamar ɗanwake yake fitowa, amma sai an sa shi. Kaka ce ke yin na tsakiya, babba, ja, wanda zai kwanta a ƙirjin amarya. Ba 'yar gidanmu da ta taɓa shiga coci ranar aurenta ba da wannan sarƙa ba. Kaka takan ce, "Gwal kowa na iya saya miki. Wannan kuwa hannun mutanenki ne a wuyanki. In mijin ya ɗaga murya, ki shafa ki tuna kina da inda kika fito."

Na Yayata duk an gama, saura na tsakiya. Angon nata dogo ne ɗan Filato, ma'aikacin gwamnati, mai kunya, sai dai ranar da ya fara zuwa gaisuwa kunyar ba ta hana shi tashi da tukunyar gwaten acca shi kaɗai ba. Kaka ta ƙaunace shi tun daga ranar, wato ta sa shi gaba da tsiya.

Ran da abin ya faru, rana ta take, ina lanƙwasa ƙugiyoyi, ita tana juya jan curin a tafinta, kumfa na bin gwiwar hannunta, tana rerawa:

"Dogo ɗan Filato, sunkuya ka shigo,
ƙofarmu ba ta san da zuwanka ba.
Gaisuwa ka zo ko gwate ka zo?
Tukunyarmu ta ce..."

Sai ta tsaya. Ta ce, "Riƙe mini, Farar Kura, in gyara zama." Ta sa mini curin a tafi, da ɗuminsa da santsinsa. Ta jingina kai da bango, bakinta da sauran murmushi. Na ɗauka baitin take nema, don takan yi haka. Na jira. Na ce, "Kaka, tukunya ta ce me?" Na sake cewa. Na taɓa gwiwarta da tawa.

Ban san irin ihun da na yi ba. An ce har bakin titi aka ji. Mama Binuwai ce ta fara isowa, ta katanga ta hauro da girmanta. Ita ta rufe wa Kaka ido, ita ta gyara mata ɗankwali. Sannan ta juyo ta ga hannuna a dunƙule, ta riƙa buɗe yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Curin ya baje, ya tsage gida biyu, ƙwallon atilin ya leƙo. Ta ɗora shi a kan taga, ta ja ni waje.

Muka kai Kaka gida ƙauye, aka binne ta kusa da Kakana da kiɗa da rawa, muka dawo. Kowa ya koma harkarsa, ni ban dawo daidai ba. In na ji an tsiyaya ruwa a baho sai gabana ya faɗi. Ƙamshin sabulun salo yana sa ni jiri. Mafi muni, in mutum yana magana ya tsaya a tsakiya, ko don ya haɗiye yawu ne, sai in cafke hannunsa ina kiran sunansa. Na yi wa Baba haka a gaban baƙi. In zan je kicin sai in zagaya ta bayan gida don kada in wuce ƙofar Kamfani.

Ba a ɗaga bikin ba, don Kaka ta sha faɗa cewa ko ranar ta mutu a ajiye ta gefe a ci shinkafa tukuna. Da kwanaki suka matso Baba ya tara mu.

"A bar yarinyar nan ta huta," ya ce. "A sayo sarƙa a kasuwa. Ko Gwaggonku ta murza wani."

Gwaggo ta ce, "Yaya, so kake amarya ta shiga coci da ɗanwake a ƙirji?"

Yayata ba ta yi dariya ba. "Baba, ni ba sabo nake so ba. Wanda Kaka ta fara nake so. In babu shi, zan shiga da wuyana haka nan." Ba ta kalle ni ba, kuma rashin kallon ya fi yi mini nauyi. Ita za ta zama ta farko a gidanmu da za ta fita ba hannun kowa a wuyanta, kuma a tafina abin ya fashe.

Washegari da hantsi Mama Binuwai ta shigo ba sallama, da butar ruwan zafi a hannu, sarƙarta mai ruwan toka a wuya.

"Oya, tashi."

"Mama, ba zan iya ba."

"Ni na ce kin iya? Na ce tashi. Tsohuwar nan ta shigo mini ɗaki ba na so, ta ƙona mini riga. Yau ni ma na zo ramawa."

Ta tura ƙofar Kamfani da ƙafa, ta buɗe taga, ta zauna daram a kan kujerar Kaka, wurin da nake tsoron kallo, ta cika shi da jikinta har kujerar ta yi ƙara. Yayata ta tsaya a bakin ƙofa. Na shiga kamar mai taka ƙaya. Ɗakin yana nan yadda yake, kwalabe a jere, filayata a inda na yar da ita. Curin ya bushe a kan taga, ya yi kamar busasshen tumatir.

Gyaran wanda ya fashe Kaka ta koya mini tun ina ɓata mata ulu: ba a yarwa. A jiƙa shi ya saki, a haɗa bakin tsagar, a yago ulu siriri kamar yanar gizo a lulluɓe shi, a sake farawa da hannu marar nauyi kamar ba a taɓa yi ba. Na jiƙa. Na lulluɓe. Da na sa shi a tafi sai hannuwana suka ɓalle da rawa har kumfa na fantsama a zanena.

"Kin gani, Mama?" na ce, kuka ya zo mini. "Ba sa tsayawa. Zan sake fasa shi."

Mama Binuwai ta leƙo ta kalli hannuwan nawa, ta kalli Yayata, sai ta fashe da dariya har da buga cinya.

"Na wa o! Tsohuwar nan ba ta da kirki. Ta tafi ta bar wa yarinya injinta!"

Na dubi tafukana. Rawa suke irin ta Kaka sak, ƙanana-ƙanana, ba nauyi. Curin yana ta juyawa a tsakaninsu da kansa. Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba, hawaye na zuba a baho. Na bar su suka yi ta rawarsu. A hankali na ji ulun ya fara kama kansa, tsagar ta ɓace a ƙarƙashin sabon lulluɓi.

"Ba a yin shiru a Kamfani," in ji Yayata daga ƙofa. "In ba waƙa yaya za ki san ya nuna?"

Na fara daga farko, murya can ƙasa. Dogo ɗan Filato, sunkuya ka shigo. Da na iso wurin da Kaka ta tsaya sai ni ma na tsaya. Ɗakin ya yi tsit, irin tsit ɗin rannan. Mama Binuwai ta sa gwiwarta ta taɓa tawa.

"Tukunya ta ce me?" ta tambaya.

Na ja numfashi na rera:

"Tukunyarmu ta ce a gaishe ka,
ta ce ba sai an wanke ta ba."

Yayata ta zube a bakin ƙofa tana dariya tana cewa, "Allah ya isa, mijin nawa!" Baba ya leƙo daga tsakar gida da buta a hannu yana tambayar ko lafiya. Gwaggo ta sa aka maimaita mata, kafin azahar duk layinmu an iya.

Curin bai fito zagaye sosai ba. Gefe ɗaya ya ɗan fi tudu, wurin da nawa ya hau kan nata. Na so in ƙara murzawa, Yayata ta fizge ta ce waƙa ta ƙare, kuma haka take son abinta. Ranar bikin ya kwanta a ƙirjinta ja wur, ɗanwaken Gwaggo na gefensa. Da aka fito daga coci matan zumunta suka tare ango da waƙar tukunya, dogon mutum ya rasa inda zai sa kansa, ya ce a gaban kowa shi dai a ƙara masa gwate in akwai.

Ban warke duka ba. Har yanzu in mutum ya tsaya a tsakiyar magana sai na riƙe numfashi. Amma na daina zagayawa ta bayan gida. Buhun da Malam ya kawo na kwance shi, na bi rigunan ɗaya bayan ɗaya da wuta, duk ƙaurin akuya suka yi, sai guda ɗaya. Na sa ta a jaka da kwalin ashanar Kaka, na hau keke zuwa Kakuri. Yana hango ni ya miƙe tsaye ya dafe kai.

"Jama'a, ku ɓoye fetur! Hukuma ta haihu!"

Na ajiye masa rigar a gabansa, hannuna na rawa, na ce, "Malam, wannan leda ce."

Ya ɗauka ya juya ta, ya yi murmushi, idonsa ya kawo ruwa. "Da gangan na sa ta," ya ce. "Zauna, 'yata. Ga wata koriya can."

Kaka, Ubangijin da kika bauta wa da waƙa da tsiya ya ba ki wuri mai sanyi kusa da shi. In kin ga fararen riguna a can, don Allah ki bar musu zarensu. Kamfani yana buɗe, injinki yana aiki. Ki huta, sai mun zo.